Tsiryar El Oro: Tsuntsuwar da Aka Sani a Makare

A watan Agusta na 1980, Robert Ridgely, wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, yana bin hanyar da ta gangara daga garin Piñas zuwa gaɓar teku, a kudu maso yammacin ƙasar Ekwado. Cikin abokan tafiyarsa akwai Paul Greenfield, mai zanen da daga baya suka fitar da babban littafin tsuntsayen ƙasar tare. Kimanin kilomita 10 yamma da garin, a wani ragowar kurmi mai yawan hazo, suka ci karo da gungun wasu ƙananan tsiryoyi koraye masu jan goshi. Mutanen nan sun san dangin waɗannan tsuntsaye ciki da bai, amma wannan kam ba ta cikin kowane littafi. Sai a 1985 aka samu halin komawa da tawaga daga cibiyar nazarin halittu ta Filadelfiya, aka kama 'yan kaɗan aka auna su. A 1988 Ridgely da Mark Robbins suka buga bayaninta da sunan Pyrrhura orcesi, don girmama Gustavo Orcés, dattijon masanin dabbobi ɗan ƙasar. A wajen sauran jama'a kuwa sunan lardin da aka same ta a cikinsa ne ya bi ta, ake ce mata tsiryar El Oro.

Ana cikin wannan bincike sai aka tarar ashe tun 1939 akwai busasshiyar fatar irinta a ajiye a gidan tarihin halittu na Birtaniya, wadda aka samo a wani wuri da ake kira Piedras, cikin lardin dai. Fiye da shekara 40 tana kwance cikin durowa, ba wanda ya lura cewa jinsi ce mai zaman kanta. A cikin waɗannan shekarun ne kuma aka sare mafi yawan dajin da ta fito. Ko da masana suka zo suna tambayar me take ci, ina take kwana, yaushe take ƙwai, sai suka iske suna yi wa ragowa tambaya. Duk abin da aka sani game da ita an koye shi ne daga tsuntsayen da suka riga suka shiga matsi, kuma wannan yana da tasiri a kan yadda ya kamata a karanta labarinta.

Wanda ya saba da tsiryarmu ta nan, mai doguwar wutsiya siririya da jan baki, zai ga wannan a dunƙule take. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin santimita 22 ne, nauyinta giram 70 ko kusa da haka, ko kurciya ta fi ta jiki. Kore ce shar kusan ko'ina. Goshinta ja ne, na namiji ya fi faɗi da haske, na mace ɗan siririn layi ne kawai bisa baki, kuma ta nan ake bambance su, abin da ba kasafai ake samu ba a danginta, inda namiji da mace kan zama kamar an tsaga kara. A gefen fiffike akwai wani jan, dogayen gashin fiffiken kuma suna da shuɗi-shuɗi, wanda ba a gani sosai sai ta tashi. Wutsiyar launin hanta ce, da ɗan irin wannan launi a ciki. Bakin fari-fari ne mai duhu kaɗan, da zoben fata maras gashi kewaye da ido. 'Yan uwanta da yawa suna da zane a ƙirji mai kama da ɓawon kifi. Ita nata ya dushe har kusan babu, kuma rashin zanen nan na cikin abubuwan da suka fara ja hankalin Ridgely.

Ba ta yawo ita kaɗai. Gungu-gungu ake ganinsu, daga 4 zuwa 15 galibi, suna tashi da sauri a saman itatuwa da kuka mai kaifi. Da zarar sun sauka kan bishiya mai 'ya'ya sai surutun ya ragu, koren jikinsu ya saje da ganye, har mutum ya tsaya a gindin bishiyar bai san suna sama ba sai ɓawo ya faɗo masa. Abincinsu 'ya'yan itace ne da iri: ɓauren daji iri-iri, 'ya'yan wata bishiya mai saurin girma da masana ke kira Heliocarpus, da furen Cecropia, wadda ita ma takan fara tsirowa a inda aka yi sara. Wannan ya nuna ba tsuntsuwa ce mai tsirfa a wajen ci ba. Tana iya fita bakin daji, tana iya sauka kan bishiyar da aka bari tsaye a tsakiyar filin kiwo. Rauninta yana wani wurin.

Mazauninta ɗan siririn zare ne a jikin gangaren yamma na tsaunukan Andis, cikin lardunan El Oro da Azuay da Cañar. Tsawonsa kimanin kilomita 100 ne, faɗinsa kuwa a wurare da yawa bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba. Ban da nan babu ita ko'ina a duniya. Abin da ya yi wannan zare shi ne gajimare. A tekun Fasifik akwai igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Humboldt, wadda ke hawowa daga kudu ta bi gaɓar Peru. Tana sanyaya iskar da ke kanta, sai gajimare ya taru ƙasa-ƙasa, iska ta turo shi cikin ƙasa har ya daki tsauni. A daidai inda ya daka, ko da rani ne, daji ba ya bushewa. Mutanen wurin suna kiran wannan yayyafi mai kama da hayaƙi garúa. Rassan itatuwa cike suke da gansakuka da tsire-tsiren da ke rayuwa a jikin bishiya ba su taɓa ƙasa ba, kuma su ne ke tace ruwan daga iska ya ɗiga ƙasa. Kaɗan ka gangara kudu sai ka shiga busasshen dajin da ya miƙe zuwa Peru, inda itatuwa ke zubar da ganye. Ka yi arewa kuma sai dazuzzukan Chocó masu ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Tsiryar El Oro tana tsakanin biyun, a wurin da ba ruwan sama kaɗai ke riƙe da daji ba.

Mutum ya daɗe da shiga wannan lardi. Sunansa ma na zinariya ne, kuma tun zamanin mulkin Sifaniyawa ake haƙarta a Zaruma, wadda ba ta da nisa da Piñas. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 wani kamfanin Amurka ya riƙe ma'adinan Portovelo, ramukan haƙa kuwa suna cin katako ba kaɗan ba. Har yau ba a daina haƙa a ƙarƙashin Zaruma ba, shi ya sa a 2017 ƙasa ta rufta da wani ɓangare na wata makaranta, a Disambar 2021 kuma ta haɗiye gidaje a tsakiyar gari. Amma ba zinariya ce ta ci dajin tsirya ba, ayaba da shanu ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, cuta ta addabi gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya, gwamnatin Galo Plaza, wanda ya yi mulki daga 1948 zuwa 1952, ta ga dama ta samu, ta buɗe hanyoyi ta ba da bashi. Cikin 'yan shekaru Ekwado ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da ayaba, Machala, babban birnin El Oro, ta zama cibiyar cinikin, jiragen ruwa suna lodi a Puerto Bolívar. Filayen ƙasa suka tafi ke nan.

Gangaren tsauni bai dace da ayabar kasuwa ba, sai ya zama rabon talaka. Dokokin rabon ƙasa na 1964 sun ɗauki daji a matsayin ƙasar da ba kowa, kuma wanda ke son takardar mallaka sai ya nuna yana aiki da filin. Alamar aiki kuwa ita ce sara. A ƙarshen shekarun 1960 fari mai tsanani ya kori dubban mutane daga lardin Loja da ke maƙwabtaka, da yawansu suka gangaro neman inda za su kafa bukka. Mutum ya kayar da itatuwa, ya sayar da masu kyau, ya ƙone sauran, ya shuka ciyawa, ya sa 'yan shanunsa. Yawancin ciyawar kiwon da aka baza a wannan nahiya ma asalinta daga Afirka take. Har gambarmu an ɗauke ta daga Shika an kai Kolambiya a 1973, ko da yake ita a shimfiɗaɗɗun filaye ta zauna, ba a tsauni ba. A 1991 wasu masana tsirrai biyu, Calaway Dodson da Alwyn Gentry, suka lissafa cewa dajin yammacin Ekwado da ke ƙasa da mita 900 abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ban ga dalilin ɗora wa manomin nan laifi ba. Abin da hukuma ta ce ya yi shi ya yi, kuma da bai yi ba wani ne zai karɓi filin. A nan ne labarin wannan tsuntsuwa ya sha bamban da na akunmu. Aku keji ne ya ci shi, saboda bakinsa da farin jininsa, har ta kai a 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji. Ana iya kama mai fataucin aku a filin jirgi. Tsiryar El Oro ba ta magana, ba ta da kasuwar a zo a gani, ba wanda ya ƙulla mata sharri. Ta ragu ne a sanadin ayyukan da kowannensu halal ne, kuma irin wannan ɓarna ta fi wuyar tsayarwa, don babu wanda za a kai ƙara. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne manyan da suka rage ba su kai 1,000 ba, kuma tana cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Juyin ya zo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1997 Ridgely ya sake cin karo da wata sabuwar tsuntsuwa, wannan karon a kudu maso gabashin ƙasar, wadda manoman wurin ke kira jocotoco saboda kukanta. Shi da abokansa suka ga cewa rubuta takarda a jira gwamnati ba zai hana gatari aiki ba, sai a 1998 suka kafa gidauniya mai wannan suna, manufarta a sayi filin kawai. A 1999 gidauniyar ta fara sayen fili a inda aka fara ganin tsiryar, aka sa wa wurin suna Buenaventura. Da 'yan ɗaruruwan hekta aka fara, yau ana maganar dubbai. Wani ɓangare daji ne da ya tsira, wani kuwa tsohon filin kiwo ne da aka fitar da shanu aka dasa itatuwa, ko aka ƙyale shi ya farfaɗo da kansa. A ƙasa mai irin wannan laima daji ba ya nawa. Cikin shekara 15 zuwa 20 inda ciyawa take sai ka ga kurmi ya rufe.

Sai dai sabon kurmi ba ya ba tsirya abin da ta fi bukata. Ita ba ta saƙa sheƙa a reshe, ba ta kuma iya fafe itace da kanta. Kogo take nema a jikin tsohuwar bishiya, inda reshe ya karye ruwa ya shiga ya ruɓar da ciki shekara da shekaru. An fi samunta a wata bishiya mai ƙaro da ake kira copal, wadda masu yankan katako su ma suke so. Manyan itatuwa su ne farkon faɗuwa a duk inda aka shiga da zarto, don haka ko dajin da daga nesa ake ganinsa lafiya lau yana iya zama babu ɗaki ko ɗaya a cikinsa. 'Yan kogunan da suka rage kuma ba ita kaɗai ke so ba, ga kuma wani tsuntsu mai dogon baki, ɗan ƙaramin dangin tukan, da ke leƙa su yana neman ƙwai. Bishiyar da aka dasa a 2000 za ta ba da 'ya'ya da inuwa tun mai dashen yana raye, amma kogo sai jikokinsa.

A 2007 aka fara rataya akwatunan katako a jikin itatuwa, masu ƙaramar ƙofa daidai jikinta. Tsiryoyin suka karɓa. Daga nan zuwa yau ɗaruruwan 'ya'ya sun tashi daga cikin akwatunan nan. Wani amfanin da ba a sa rai da shi ba shi ne, akwati ana iya buɗe shi. Masu bincike daga Jami'ar Freiburg ta Jamus, cikinsu da Nadine Klauke da Martin Schaefer, wanda daga baya ya zama shugaban gidauniyar, suka samu damar sa wa tsuntsayen zobe a ƙafa, su ɗebi ɗigon jini, su san wane ne ɗan wane. Abin da suka gano shi ne ya fi komai daɗi a labarin, kuma shi ya fi tayar da hankali.

Gungun nan da ake gani yana yawo ashe gida guda ne. Lokacin ƙwai, daga Nuwamba zuwa Maris, mace ɗaya da namiji ɗaya ne ke haihuwa a gungun, sauran kuwa masu taimako ne, galibinsu 'ya'yan shekarun baya da ba su bar gida ba. An taɓa ƙirga har 17 a gungu ɗaya. Uwa tana kwanci kimanin kwana 31, bayan ƙyanƙyasa kuma kowa ya shiga kai abinci. Tsarin ya yi kama da gandu irin na da, inda 'ya'ya maza ko sun girma suna noma a gonar uba har ranar da za a yanka musu tasu. Ma'aurata na iya renon 'ya'ya su kaɗai, amma binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa inda masu taimako suka fi yawa, ƙwai ya fi yawa, 'ya'yan da ke kai ga tashi ma sun fi yawa. Kuma ba yawan kaɗai ba ne. Mai taimakon da jininsa ya gauraya, wato wanda iyayensa ba dangin juna na kusa ba ne, ya fi amfani ga gidan.

A nan ne sarar daji take cizo ta inda ba a gani. Tsiryar ba ta son yin nisa da inda aka haife ta. Binciken jini ya nuna gidajen da ke tsakaninsu 'yan kilomita kaɗan ne har sun fara bambanta, alamar ba sa cuɗanya sosai, musamman in kwari ko fili maras itace ya raba su. Idan daji ya yayyage ya zama tsibirai, sai dangi su yi ta barbarar juna. Jini ya ƙuntata, masu taimako su yi rauni, 'ya'ya su ragu, gida ya ƙara ƙanƙancewa. Ga kuma wani lissafin: tunda a kowane gungu biyu ne kaɗai ke haihuwa, in an ce saura tsirya ɗari kaza, masu ba da iri a cikinsu ba su kai haka ba ko kusa. A 1988 ba wanda ya san wannan. Ana ganin in an kare wani yanki na daji an gama. Yanzu an fahimci cewa abin da ake karewa gidaje ne da hanyoyin da ke tsakaninsu.

Ina yaba akwatunan, amma ba na son yadda ake yawan ba da labarinsu kamar an kai ƙarshen magana. Katako a wurin da ba ya bushewa ruɓewa yake yi, sai an sauya. Sai an biya mai gadin daji ya hau ya duba, ya share, ya kori ƙudan zuma in sun shiga. Kuɗin kuwa yawancinsa daga masu ba da gudummawa na waje yake zuwa, da 'yan yawon kallon tsuntsaye da ke kwana a masaukin Buenaventura, waɗanda da yawansu ma wani baƙin tsuntsu mai tukku da dogon leɓe a wuya suke zuwa gani. Tsuntsuwar da ta rayu dubban shekaru ba ruwanta da kowa yanzu haihuwarta ta rataya a kan kasafin kuɗin wata ƙungiya. An cece ta, gaskiya ne, amma ceto ne da sai an sabunta shi kowace damina har itatuwan da aka dasa su tsufa.

Sannan ga abin da ba a sa shi a akwati. Piedras, inda aka samo ta 1939, tsayinsa daga teku kusan mita 300 ne. A shekarun 1980 an fi ganin tsiryar tsakanin mita 600 da 1,100. Yau a Buenaventura sai an haura an wuce nan kafin a same ta da yawa, kuma masu bincike sun ƙiyasta tana hawa kusan mita 90 a kowace shekara 10. Tana bin sanyi da laima ne. Ɗumamar duniya na cikin dalilan, amma akwai na kusa: daji yana fitar da tururi yana sanyaya iskar da ke bi ta kansa, filin ciyawa kuwa zafi yake mayarwa. Iskar da ta ratso filayen da aka share tana isa tsauni da zafi da bushewa, sai ta hau sama sosai kafin ta zama gajimare. An nuna haka a Monteverde ta ƙasar Kosta Rika a 2001, dajin da wani kwaɗo mai ruwan zinariya ya ɓace a cikinsa, ba a sake ganinsa ba tun 1989. Wato sarar da aka yi a ƙasa shekaru 60 da suka wuce tana iya busar da dajin da aka saya aka killace a sama.

Wannan ya jefa masu sayen fili cikin wani hali. An zana iyakar Buenaventura ne bisa inda tsuntsuwar take a 1999, ita kuwa tana ta matsawa. Shi ya sa a shekarun baya-bayan nan hankalin gidauniyar ya koma ga filayen da ke sama da tsohuwar iyaka, da kuma haɗa ragowar dazuzzukan lardin da juna. Saman ba fanko ba ne. Gonakin mutane ne da makiyayarsu, masu takarda a hannu, wasunsu jikokin waɗanda fari ya koro daga Loja. Ba duka za a saya ba, ba duka ne ma za su sayar ba. Abin da ya rage shi ne a shawo kan mai shanu ya bar manyan itatuwan da ke tsaye a filinsa, ya ƙyale kurmin bakin rafi, ya yarda a rataya akwati a gonarsa. Hujjar da ta fi shiga kunnensa ba ta tsirya ba ce, ta ruwa ce, domin rafukan da shanunsa ke sha da waɗanda garuruwan ƙasa ke ja duk daga dajin nan mai tace hazo suke fitowa, kuma da rani shi ne mutum na farko da ke ganin sun ja baya.